HOTON BAFILLACEN BUNDU DA MASU KOYON ZANE A YOLA

Duk wanda ya taso daga Jimeta ya nufi Yola Gari, kafin ya isa ƙofar fadar Lamiɗo zai ga fuskokin mutane fiye da yadda zai iya ƙidayawa. Ga na 'yan siyasa manne a turakun wutar lantarki, ga na amare da angwaye a kan kalanda cikin kantuna, ga kuma na malamai da 'yan ƙwallo a bayan kekunan haya. Kusan dukkansu na'ura ce ta buga su a kan leda ko takarda cikin 'yan mintoci, kuma kafin a yi damina biyu rana ta riga ta cinye launinsu. A shekarun baya, masu rubuta alamar kanti da masu ƙawata bayan manyan motoci su ne ke irin wannan aiki da buroshi da gwangwanin fenti. Yanzu na'ura ta karɓe musu kasuwa.

Abin lura shi ne, garin da ya cika da hotuna haka ba shi da hoton wanda ya kafa shi. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna Yola a 1841, ya rasu a 1847, ba wanda ya zana kamanninsa yana raye. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso Yola cikin watan Yuni na 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, 'yan kwanaki kaɗan ya yi aka sallame shi. Abin da ya zano daga wannan nahiya surar ƙasa ce da ta kogi, kamar mahaɗar Binuwai da Faro, su ɗin ma sai da wani gwani mai suna Bernatz ya sake juya su a Jamus kafin a buga su. To, waɗannan sun wuce sai labari. Maganar da ta rage ita ce ta waɗanda ke raye yau, dattawan unguwanni da malaman zaure da tsofaffin mata masu tallan nono: wa zai ajiye kamanninsu a kan abin da zai kai ga tattaɓa-kunne?

Zanen fentin mai yana iya wannan. Hotunan da Jan van Eyck ya zana a yankin Flanders na Turai kafin rasuwarsa a 1441 suna nan har yau, ana iya ganin gashin gira ɗaya bayan ɗaya. Amma fa sana'a ce mai wuyar koyo. A Yola akwai sashen zane-zane a Kwalejin Ilmi ta Tarayya, akwai kuma sashen tsara zanen masana'antu a Jami'ar Modibbo Adama, wanda ya so zurfafawa kuwa sai ya nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sai dai aji da allo da darasi ba su isa ba. Hannu ba ya gane yadda ake mai da fenti fatar mutum sai ya bi sawun hannun da ya riga ya iya. Saboda haka ne tun zamanin da can aka ɗora koyon wannan aiki a kan abu guda, watau ɗalibi ya ɗauki aikin wani tsohon gwani ya juya shi daga farko har ƙarshe.

KWAIKWAYO BA SATA BA NE

Wasu iyaye, har da wasu 'yan boko, in sun ga yaro yana juya hoton wani sai su ce ai wannan ba gwaninta ba ce, kwafe ne kawai. Wanda ya yi makarantar allo bai kamata ya faɗi haka ba. Malam ne ke rubuta wa kolo allonsa, ya yi ta kallo, daga baya ya bi ta kan rubutun malam, sa'an nan ya kai ga juyawa daga takarda, kafin a wayi gari ya rubuta satu da ka. Haka yaron mai ɗinkin hannu yake koyon aska takwas, da tsohuwar riga a gabansa yana ƙidaya zare. Ba wanda ke kiran wannan sata.

Turawa ma haka suka yi. Wani mai zane na Italiya, Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafin koyar da sana'ar wajen 1400, ya shawarci ɗalibi da ya zaɓi mafi gwanintar magabata ya lizimce shi, kada ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Tun da aka buɗe babban gidan adana zane-zane na Louvre a Paris a 1793 aka ba masu koyo izinin kafa kayan aikinsu a gaban hotuna suna juyawa. Sharuɗɗan gidan su ne kada juyin ya zo daidai da girman na asali, kuma kada a kwaikwayi sa hannun mai shi. Manyan gwanaye irin su Degas da Manet duk sun yi wannan zama.

A Nijeriya kuwa, da kwaikwayo sana'ar ta fara. Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, ba shi da malami. Hotunan mujallu da littattafan Turawa ya yi ta juyawa, a lokacin da Turawan mulki ke ganin baƙar fata ba zai iya irin wannan zane ba. A 1906 ya zana hoton matar Spencer Savage a Ikko, a 1920 ya tafi Landan da Paris karatu, ya komo a 1922 ya shiga koyarwa a makarantun Ikko, ya kuma yi ta matsa wa gwamnati har ta kawo malamin zane daga Ingila, Kenneth Murray, a 1927. Onabolu ya rasu a 1963. Duk mai riƙe da buroshi a ƙasar nan akwai bashinsa a kansa.

To, amma wane hoto ya kamata ɗan Yola ya juya? Yawancin masu koyo hannunsu yakan fara kaiwa ga Mona Lisa, ko yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u ta Vermeer, domin su ne suka cika littattafai da wayoyi. Ba laifi, akwai darasi a cikinsu. Sai dai wanda ya shekara yana haɗa launin farar fatar mutanen Holan, ran da aka ce ya zana kawunsa sai ya rasa ta inda zai kama. Ko dai ya dama baƙi da ruwan ƙasa fuskar ta fito kamar tukunya, ko kuwa ya yi ta zuba fari har mutumin ya yi furu-furu kamar wanda bai shafa mai ba da hunturu. Alhali kuwa akwai tsofaffin ayyuka da suka fi kusa da bukatarsa. Akwai hoton Juan de Pareja, bawan da ubangidansa Velazquez ya zana a Rum a 1650, wanda daga baya ya sami 'yanci ya zama mai zane shi ma. An sayar da hoton a Landan a 1970 a kan fam miliyan 2 da dubu 310, yana Niyu Yok. Akwai kuma wanda ya fi wannan kusanci da mutanen Fombina, domin wanda ke cikinsa Bafillace ne, mahaddacin Alkur'ani.

LABARIN AYUBA

Sunansa Ayuba Sulaiman Jallo, Turawa suna rubuta Diallo. An haife shi wajen 1701 a ƙasar Bundu, cikin Senegal ta yau, mahaifinsa babban malami ne. A 1731 mahaifin ya aike shi bakin kogin Gambiya ya sayar da bayi biyu, ya sayo takarda da wasu kayayyaki. Wannan ɓangare na labarin ba a cika son faɗinsa ba, amma haka ya faru. Ba su daidaita da kyaftin ɗin jirgin Ingilishi ba, sai ya ƙetare kogi ya musanya bayin da shanu. A hanyarsa ta komowa wasu Mandinka suka kama shi da abokin tafiyarsa, suka aske musu kai, suka sayar da su ga wannan kyaftin ɗin da ya ƙi ciniki da shi. Kafin fansa ta iso daga gida jirgi ya tashi.

Aka kai shi Maryland a Amurka, aka sa shi aikin gonar taba. Ya gudu, aka kama shi aka tsare. A can ne wani Bature mai suna Thomas Bluett ya gan shi, ya lura yana rubutu da Larabci, ya kuma ƙi giyar da aka miƙa masa. Ayuba ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta bi ta Landan ta faɗa hannun James Oglethorpe, wanda ya sa aka kawo shi Ingila a 1733. Masu hali suka yi karo-karo aka fanshe shi. Ya taimaki Sir Hans Sloane wajen fassara rubuce-rubucen Larabci, aka kai shi gaban gidan sarauta, ya kuma rubuta Alkur'ani da ka har sau uku. A 1734 ya koma gida, ya rayu har 1773.

Cikin wannan zama na Landan ne abokansa suka nemi a zana shi. Bluett ya ba da labarin cewa Ayuba yana ƙyamar hotuna ƙwarai, da ƙyar ya yarda, bayan sun tabbatar masa ba bauta wa hoton za su yi ba, suna so ne su riƙa tunawa da shi. William Hoare, wanda a lokacin saurayi ne, shi ya yi aikin. Da aka gama fuska aka zo maganar tufafi, Ayuba ya ce sai dai a sa masa kayan ƙasarsu. Hoare ya ce ba zai iya zana tufar da bai taɓa gani ba sai an kwatanta masa. Sai Ayuba ya tambaye shi, in haka ne, yaya wasu masu zane suke ƙarfin halin zana Ubangiji, wanda ba wanda ya taɓa ganinsa?

Hoton da ya fito bai kai kamu biyu a tsaye ba. Ayuba ne daga kai zuwa ƙirji, da farar riga da farin rawani, da littafi mai jan bango rataye a wuyansa, bayansa kuwa ba ado ko kaɗan. Yana duban mai kallo ido da ido, ba fushi, ba roƙo. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, duk wanda ya san filako zai gane shi a nan. Masana a Ingila suna lissafa shi a matsayin hoton fentin mai mafi daɗewa da aka sani a ƙasarsu wanda ya nuna 'yantaccen bawa ɗan Afirka da mutuncinsa. A ƙarshen 2009 hukumar gidajen tarihi ta ƙasar Katar ta saye shi a gwanjo a kan sama da fam dubu 500, gwamnatin Ingila ta dakatar da fitar da shi, daga bisani aka daidaita a kan Katar ta ba da shi aro ga gidan hotunan mashahuran mutane na Landan. Shi kansa Hoare, abin sha'awa, da juya ayyukan magabata ya ciyar da kansa sa'ad da yake karatu a Rum.

Ga mai koyo, amfanin wannan hoto shi ne abubuwa ukun da zai yi ta karo da su a Adamawa duk suna ciki: baƙar fata mai sheƙi, farar tufa, da rawani. Ba hannu, ba doki, ba labule, ba abin da zai raba masa hankali.

YADDA AKE AIKIN

Da farko a san cewa fentin mai na masu zane dabam yake da fentin ƙofa da taga na gwangwani. Garin launi ne aka niƙa da man linsid, watau man da ake tatsa daga 'ya'yan shukar da ake saƙa yadin lilin da ita. Wannan mai ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, haɗuwa yake da iska ya daskare ya zama fata. Man gyaɗa da manja ba su da wannan hali, wanda ya gwada su don tsimi zai shekara hotonsa na danƙo. Magabata da kansu ko yaransu suke niƙa launi a kan dutse kowace safiya, suna ajiye ragowar cikin mafitsarar dabba. Bututun ƙarfe da ake matsowa yanzu wani Ba'amurke ne, John Rand, ya ƙago shi a 1841, shekarar da Modibbo Adama ya zauna Yola.

Ana ɗaure yadi mai kauri a kan katako huɗu, a ja shi har ya yi kamar fatar ganga. Ba a sa fenti kai tsaye a kansa, domin mai yana cin zare. Sai an fara shafe shi da abin da zai toshe shi. Ɗalibai a Nijeriya sukan haɗa farin fentin bango da farin gam na kafintoci, su shafa sau biyu ko uku suna gogewa da takardar yashi. Daga nan sai a kashe farin da ruwan ƙasa mai tsinkakken kauri. Wannan mataki masu gaggawa sukan tsallake shi, kuma a nan kuskurensu na farko yake. A kan farin yadi kowane launi baƙi yake bayyana, ido ya ruɗe. A kan ruwan ƙasa kuwa haske da duhu kowanne yana nuna matsayinsa tun daga shafar farko.

Sa'an nan zane. Ana raba hoton da za a juya gida-gida da layuka, a raba yadin haka nan, a bi gida ɗaya bayan ɗaya da gawayi. Wasu malamai suna ganin wannan sandar makaho ce, gara a auna da ido da tsinken buroshi. Gaskiya ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon sabon shiga yana da ƙarya da yawa. Yakan kai idanu can sama kusa da rawani, alhali a tsakiyar kai suke. Yakan faɗaɗa su, ya ƙanƙance kunne. Maganin wannan shi ne a juya hoton da yadin duka biyu kai ƙasa, ko a dube su cikin madubi, nan take karkatar da ido ya saba da ita za ta fito fili.

In zane ya zauna, sai a ɗauki launi guda kawai, ruwan ƙasa mai duhu irin na makuba, a tsinka shi da tafentayin, a shimfiɗa inuwa duka: ƙarƙashin rawani, gefen hanci, ƙasan leɓe, wuya. Inda haske yake a goge da tsumma. Ba a taɓa wani launi ba tukuna, amma a nan ake gane ko hoton zai yi kama ko ba zai yi ba. Wannan launi yana da saurin bushewa, kwana ɗaya ya ishe shi. Wanda ya ga bai yi kama ba a wannan mataki, gara ya goge ya sake, domin ja da rawaya ba za su gyara hancin da ya kauce ba.

Maganar fata ita ce babba. Mai koyo zai yi mamakin ƙarancin launukan da ake bukata: fari, rawayar ƙasa, jar ƙasa, ruwan makuba, da baƙi kaɗan. Ban da fari da baƙi, sauran duk ƙasa ce aka wanke aka niƙa, 'yar'uwar jar ƙasar da ake gani a gefen hanya. In ya ƙura wa fuskar Ayuba ido zai ga ba launi ɗaya ba ne. Inda jini ya fi kusa, kamar kumatu da leɓe, akwai ja a ciki. Inda goshi da doron hanci suka kama haske, launin yana sanyi, yana karkata wajen toka, domin baƙar fata mai sheƙi tana mai da hasken da ya faɗo mata kamar yadda tulu mai ruwa yake yi. Inuwa kuwa ba baƙa ba ce, ɗumi gare ta, kuma siririya ake barinta har ƙasan yadin yana leƙowa. Ƙa'idar magabata ke nan: inuwa shara-shara, haske da kauri. Farin da suke amfani da shi na darma ne, mai ɗumi amma guba. Na yanzu wanda ake samu a kasuwa ya fi shi ƙarfi da sanyi, shi ya sa ɗigonsa kaɗan ke mai da fuska kamar an barbaɗa mata toka. Gara a haskaka fata da rawayar ƙasa da ja, a bar fari sai can ƙarshe.

Farar riga kuma tana da nata tarko. Wanda ya matso fari daga bututu ya shafa, takarda zai samu ba riga ba. A hoton gwani, mafi yawan abin da ido ke kira fari toka-toka ne mai ɗan rawaya ko ɗan shuɗi, farin gaske 'yan wurare kaɗan ne a kan tudun ninki. Haka farin ido, ba fari ba ne, yana cikin inuwar gira. Ɗan ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido shi ne abu na ƙarshe da ake sawa, da bakin buroshi mafi siranta, kuma in ya kauce da kaurin gashi sai mutum ya zama mai harara.

Akwai doka guda da ba a karyawa: shafen ƙasa mai ƙarancin mai, na sama mai yawan mai. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, bayan 'yan shekaru hoton ya tsattsage kamar fadama da bazara. Bayan kowane shafe sai an jira ya bushe. A ƙarshe ne ake bi da launi tsinkakke ƙwarai a kan busasshe, kamar yadda ake sa mayafi shara-shara a kan atamfa, don inuwa ta yi zurfi. Aikin da aka bi shi haka yakan ci makonni.

ZAFI DA ƘURA

Littattafan koyon zane a ƙasashen sanyi aka rubuta su, ba su san Yola ba. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, fentin da littafi ya ce zai yi kwana uku ɗanye yakan fara yauƙi tun kafin la'asar, saboda haka kaɗan-kaɗan ake matsowa. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, in ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan har abada. Dabara ita ce a jingina hoton fuskarsa na duban bango, a ɗan bar tazara. Da damina laimar kwarin Binuwai takan sa yadi ya saki, bayansa ya yi fumfuna in an jingina shi da bango mai sanyi. Da yawa sukan wanke buroshi da kananzir saboda tsadar tafentayin. Wanki ba laifi, amma kada a dama fenti da shi, yana hana bushewa sosai. A kuma yi aiki inda iska ke shiga. Tsumman da ya jiƙe da man linsid in aka dunƙule shi aka jefa lungu yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, gara a shanya shi a waje ko a tsoma shi cikin ruwa.

Babbar matsala dai ita ce ɗan Yola ba ainihin hoton yake juyawa ba. Hoton hoto ne a fuskar waya, mai faɗin tafin hannu, wanda haske ke fitowa daga bayansa. Waya ba ta nuna kaurin fenti, ba ta nuna inda buroshi ya bi, kuma kowace waya da irin launinta. Abin da ya fi shi ne a nemi hoton daga shafin intanet na gidan da ke ajiye da shi, inda ake iya faɗaɗa shi har a ga zaren yadi, a buga shi babba a takarda mai kyau, a kuma buga wani baƙi da fari don auna haske da duhu, a rataye su kusa da yadin cikin haske guda. Duk da haka wani abu zai ɓace. Kama da wane ba wane ba ne.

GARDAMAR ZARIYA

Ba kowa ne ya yarda da wannan hanya ba, kuma a Arewa aka yi gardamar da ta fi shahara a kanta. A 1955 aka dawo da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun zuwa Zariya, malamansa yawanci Ingilishi ne, manhajarsa ta Ingila ce. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Kukansu shi ne ana mai da su inuwar Turawa, alhali ƙasarsu na gab da samun mulkin kai. Suka ce a ɗauki dabarar Turai a haɗa ta da gadon gida.

Suna da gaskiya, kayan aro ba ya rufe katara. Akwai masu zane da suka tsufa suna juya aikin wasu, in an raba su da hoton da suke kallo hannunsu ya mutu. Amma a lura da abu guda: waɗannan 'yan tawaye sai da suka iya abin sa'an nan suka yi masa tawaye. Grillo, wanda ya rasu a 2021, an san shi da shuɗi da ruwan shuni da dogayen surori irin na sassaƙen Yarbawa, amma duk wanda ya dubi aikinsa zai ga hannun da ya sha horo. Haka Ben Enwonwu, ɗalibin Murray, wanda ya yi karatu a Landan. Hotonsa na Tutu, 'yar sarautar Ife, an sayar da shi a 2018 a kan fam miliyan 1 da dubu 200 da ɗoriya. Juyi makaranta ce, ba gida ba. Hoto biyu ko uku da aka juya da natsuwa sun fi ashirin na gaggawa.

Inda kwaikwayo ke zama sata shi ne in an ɓoye. Han van Meegeren na Holan ya yi ta zana hotuna yana sayarwa da sunan Vermeer, har ɗaya ya kai hannun Goering na Jamus. Aka kama shi a 1945, aka yanke masa ɗaurin shekara guda a 1947. Al'adar masu gaskiya ita ce a rubuta a bayan yadi cewa wane ya juya wannan daga aikin wane.

Saura maganar addini, wadda ba a iya tsallake ta a gari kamar Yola, kuma ita ce ke sa iyaye da yawa su ja baya. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin surori sanannu ne. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, watau cikakken mutum-mutumi na mai rai, wadda suka haramta, da wadda aka zana a kan shimfiɗaɗɗen abu, wadda da yawansu suka ɗauka makaruhi ce ko barinta ya fi. Wasu malamai kuwa sun hana duka. A tarihi an sami sarakunan Musulmi da suka zauna aka zana su, kamar Sarkin Turkiyya Muhammadu na Biyu, wanda Gentile Bellini na Italiya ya zana a 1480. Wannan ba fatawa ba ce, mai shakka ya koma ga malaminsa. Ayuba ma sai da ya yi jayayya kafin ya zauna.

Wanda ya gama juyi, matakin da ke gabansa shi ne ya ajiye takarda ya zaunar da mutum mai rai. A nan ɗan Yola Gari yana da abin da ɗaliban Turai ke biyan kuɗi su samu, watau zaure. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ɗaya, ya faɗi a gefen fuska ya bar ɗaya gefen cikin duhu, shi ne ainihin hasken hotunan magabata. Sai dai dattijo ba takarda ba ne. Zai motsa, zai yi gyangyaɗi, za a kira salla ya tashi, in ya komo naɗin rawaninsa ya sake. Saboda haka akan sa alama a ƙasa inda kujera take, a riƙa zama a sa'a guda kowace rana, a fara gama fuska, tufafi su biyo baya, kamar yadda Hoare ya yi. In an gama sai a bar hoton wata shida ko fiye kafin a shafa masa man ƙyalli mai kare shi daga ƙura.

A bayan yadin kuma a rubuta sunan wanda aka zana, da na mahaifinsa, da unguwarsu, da shekara. An san Ayuba yau ne domin an rubuta sunansa da labarinsa. A birnin Hague na Holan akwai wani hoto da Rembrandt ya zana a 1661, na wasu 'yan Afirka biyu, ɗaya ya ɗora haɓarsa a kan hannun ɗan'uwansa. Gwanintar aikin ba ta da na biyu, masu koyo suna juya shi har yau, amma Rembrandt bai rubuta sunayensu ba.